Shayin Poh Choo

Taiping, 9 ga Maris, 1996

Ƙanena Teik Leong,

Ina gaishe ka, ina gaida Lay Kim da yaran, da fatan zafin Sandakan bai narkar da ku ba. Yaya ciwon sukarin? Matarka ta rubuto a katin sabuwar shekara cewa likita ya hana ka gasasshiyar agwagwa, ni kuwa na san ba ka hanu ba. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Ka san garinmu da ruwa, don haka kullum cikin sanarwa take.

Ba na rubuto maka sai da dalili, to ga dalilin, ka nemi wuri ka zauna.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da tai chi, motsin jikin nan na gidanmu, a bakin tafki, ƙarƙashin babbar bishiyar nan da rassanta ke taɓa ruwa. Ƙarfe shida da rabi muke farawa. Yanzu mutum goma sha huɗu nake da su, ƙaraminsu shekararsa hamsin da biyu. Akwai Letchumi, tsohuwar nas, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana tsaye da ƙafa ɗaya. Akwai tsoho Chuah mai gyaran agogo, wanda bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. Sai Poh Choo, da ta yi shugabar makarantar 'yan mata. Shekararta goma sha tara a bayana, ba ta taɓa fashi ba sai makon da mijinta ya rasu.

Poh Choo ce ta jawo mini. Ta ce tana so ta durƙusa ta miƙa mini shayi, irin yadda ka yi wa Baba kana ɗan shekara goma sha huɗu, a rubuta sunanta a jar takarda ƙarƙashin nawa, ta zama ɗaliba ta cikin gida. Na yi ta kwana-kwana, na ce zamani ya canza, ta ce ita ba ta canza ba. Ba ta tsaya nan ba. Ta hau mota har Penang ta nemo Baffa Huat, shi kaɗai ya rage cikin ɗaliban Baba, shekararsa tamanin da uku, ta roƙe shi ya zo ya zama shaida. Ya amsa. Sun sa ranar biyu ga Yuni, ranar tunawa da rasuwar Baba. Sai da aka gama komai aka zo aka gaya mini, wai don a faranta mini.

Leong, kai ka san Baba bai taɓa koya mini ko ɗaga hannu ba. Ya ce abin na 'ya'ya maza ne, mace in ta yi aure gidan wasu za ta kai shi. Ga shi ban yi auren ba, kai da aka ba kuma ka haye teku da shi. Ni dai ina kan keken ɗinki a ɗakin baya, na ba tsakar gida baya kamar yadda aka umarce ni, ina kallonku ta babban madubin da masu kawo ɗinki suke gwada kaya. Shekara tara ina wannan sata. In kun tafi kasuwa in rufe ƙofa in gwada.

Ranar da na fara koyarwa wani ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce Baba. Kalma ɗaya ce, da kanta ta fito. Amma shekara ashirin da biyu ina ciyar da ita, ta yi ƙiba. Na ce yana buga mini sanda a ƙafa in na karkace. Na ce, kuma wannan da kyar nake rubuta shi, wai kafin ya rasu ya riƙe hannuna yana hawaye ya ce na fi ɗansa. Ka yafe mini wannan. Poh Choo tana son labarin nan har tana ba sababbin zuwa.

Motsin kansa ba na jin tsoro a kansa. Duka ɗari da takwas suna jikina, ko a barci aka tashe ni zan kawo su. Masu yin tai chi da kaset a ƙetaren tafki, da ɗan gajeren salonsu, da ƙafar hagu suke buɗewa, mu da dama, nakan kuma gaya wa mutanena nan asirin gidanmu yake. Abin da nake tsoro shi ne Baffa Huat ya buɗe baki a gabansu ya ce shi bai san an koya mini ba. In haka ta faru, ban san da wane ido zan sake kallon mutanen nan ba, su ne kuwa abin da nake tashi dominsa kowace safiya.

Ka zo ka tsaya kusa da ni. In ya tambaya, ka ce Baba ya koya mini a ƙarshen rayuwarsa, bayan kowa ya watse. Ba ƙarya mai yawa nake nema ba, ko kai ka gyaɗa ya ishe ni. Ban taɓa roƙonka komai ba tunda ka tafi.

Yayarka,
Gaik Suan

Sandakan, 2 ga Afrilu, 1996

Yaya Suan,

Takardarki ta same mu lafiya. Lay Kim tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗaure gwiwar da ɗumi in za ki fita. Sukari yana nan yadda yake, agwagwa kuma sau ɗaya a wata ce, ita ma ba da fata ba. Babbar 'yarmu ta samu aikin koyarwa a Tawau.

Maganar da kika kawo, na yi ta juya ta. Ba zan samu zuwa ba. Watan Yuni jirage ke lodin katako, ni ke riƙe da makullin sito, ba mai tsaya mini.

Shawarata ita ce ki ba Poh Choo haƙuri. In ta matsa, ki karɓi shayinta a cikin gida, ku biyu, a gaban hoton Baba. Ki aika wa Baffa Huat cewa an ɗaga, ki haɗa masa da kyauta mai kyau. Abu ɗaya nake roƙonki, Yaya: kada ki yi motsin nan a gaban Baffa Huat. Ko me za a yi a yi, ban da wannan. Kada ki tambaye ni dalili.

Maganar hawayen Baba ba ta ɓata mini rai ba.

Ƙanenki,
Teik Leong

Taiping, 11 ga Afrilu, 1996

Teik Leong,

Ina fata kuna lafiya. Gwiwa tana nan, ka gode wa Lay Kim.

Kwana ashirin da huɗu ka ɗauka kafin ka haɗa mini 'yan layukan nan, na kuma karanta su sau uku ko zan ga ɗan'uwana a ciki. Ban gan shi ba. Baba na gani, yana cewa juya bayanki.

Ka ce kada in tambaye ka dalili. Ba sai na tambaya ba, na san shi. Kai ne magaji, kai aka karɓi shayinka, sunanka ke cikin jar takarda. Ni ɓarauniya ce, kuma ba ka so ɓarauniya ta baje kayan sata a gaban manya ta ba gidanku kunya. In yi a ɓoye, mu biyu, a rufe ƙofa. Shekara tara na yi ina rufe ƙofa, Leong, na ƙoshi.

Wandon da kake sawa kana motsin nan ni na ɗinka shi. Kana tsakar gida kana hamma, Baba yana maimaita maka abu ɗaya sau goma, ni a ɗaki na riga na ɗauke tun a na biyu, allura tana soke ni don hankalina ba ya kanta. Tun daga lokacin, wa ka koya wa? Mutum nawa suka daina jin jiri, mutum nawa suka ajiye sanda ta dalilinka? Chuah da aka ce ba zai sake hawa bene ba, yau shi ke hawa ya ɗauko wa matarsa shanya.

Katako kuma ba yau aka fara loda shi ba. Ka ce ba ka so, ya fi mini.

Ba zan ɗaga ba. Za mu yi a fili, a bakin tafki, Baffa Huat yana zaune. In ya ga motsin da idonsa, shi da kansa zai ce wannan hannun Baba ne, ba sai wani ya gyaɗa mini kai ba. Kada ka wahalar da kanka da amsa.

Gaik Suan

Taiping, 9 ga Yuni, 1996

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Na ce kada ka amsa, ka kuwa ji magana, wata biyu shiru. Ban ga laifinka ba. Lafiyata ƙalau, sai dai yau kwana bakwai ban taka bakin tafki ba, ko kasuwa ta bayan layi nake bi.

Ranar shayin, ni da ban taɓa roƙon ruwa ba na roƙe shi, ya ƙi zuwa. Gari ya waye tas. Poh Choo ta kafa tebur ƙarƙashin bishiya ta shimfiɗa jan ƙyalle, ta jera lemo da turare da hoton Baba da ta aro a wurina, ga butar shayin da ta gada wurin mahaifiyarta. Kowa ya sa fararen kaya. Har Chuah ya zo da wuri. Surukin Poh Choo ya kawo Baffa Huat a mota, aka zaunar da shi a kujerar kaba. Ya tsufa ƙwarai, amma idon nan yana nan.

“Ke ce Suan mai ɗinki?” in ji shi. “Kin taɓa yi mini wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.”

Aka yi dariya. Ya tambaye ka, na ce aikin katako ya riƙe ka. Ya ce katako dai ba ya gudu.

Ka san kafin shayi sai malami da ɗalibansa sun yi motsin gaba ɗaya a gaban shaida. Na shige gaba, suka jeru a bayana, muka buɗe. Leong, ba mu taɓa yin mai kyan na ranar ba. Ba wanda ya yi tangaɗi, ba wanda ya riga wani, Letchumi ma ta kama bakinta. Ina yi ina cewa a raina ina ma kana nan ka gani. Da muka rufe, masu wucewa har da tafi. Baffa Huat bai tafa ba. Ya yafito ni.

“Wa ya koya miki?”

“Baba.”

“In yana yi, a ina kike tsayawa?”

“A bayansa.”

“A'a, 'yata. Wanda ya tsaya a bayan malaminsa ba ya yin abin da kika yi.”

Ya miƙa wa Chuah sandarsa, ya tashi da kyar, ya daidaita tsayuwa. Sai ya buɗe da ƙafar hagu. Motsi biyar kawai ya yi. A rayuwata ranar na fara ganin salon gidanmu da idona kai tsaye, ba ta cikin gilashi ba. Inda nake ɗaga dama yana ɗaga hagu. Inda nake juyawa wajen tafki, shi wajen titi yake juyawa. Tun a na biyu na gane. Ni 'yar tela, da na yi shekara arba'in ina gaya wa mata cewa aljihun da suke gani a hagu a madubi a dama yake, ban taɓa kawo wannan a kaina ba ko sau ɗaya. Asirin gidanmu da nake taƙama da shi ashe aikin madubi ne.

Ya koma ya zauna yana haki. Ya ce, “Na ƙirga. Ɗari da takwas, ba ki zubar da ko ɗaya ba, ni kaina yanzu ba zan kawo rabinsu ba. Amma a baibai kika sa rigar, daga wuya har ƙasa, kin kuma ɗinka wa mutum goma sha huɗu irinta.”

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ba wanda ya tilasta ni, sai na ji bakina yana ba da labarin keken ɗinki da madubi da rufe ƙofa. Poh Choo tana tsaye da kofin shayi a hannu biyu, ta riga ta zuba.

“Malama,” ta ce, “sandar da yake buga miki a ƙafa fa?”

“Babu sanda.”

“Da ya riƙe hannunki yana hawaye?”

“Bai taɓa ba.”

Ta buɗe butar ta mayar da shayin ciki a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ta naɗe jan ƙyallenta, ta ɗauko hoton ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, “Ga mahaifinki.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya rungume da hoton har kowa ya watse, Letchumi ce ta ja ni muka tafi.

Yanzu na gane abin da kake nufi da kada in yi a gabansa. Ba raina ni ka yi ba, tare ni kake yi kada in faɗa rami, ni kuwa na wanke ka tas. Ka yafe mini waccan takardar, da za ka ƙona ta da na ji daɗi. Amma ka gaya mini, yaya aka yi ka sani, kuma tun yaushe?

Kafin a sa shi a mota, Baffa Huat ya ce shi ƙarfinsa ya ƙare, a kira Leong ya zo ya gyara muku, shi ke riƙe da abin. Don haka ga ni ina sake roƙo, wannan karon ba na ƙarya ba. Ka zo ko na wata ɗaya ne. Ka shiga gaba, ni in koma can baya in koya kamar kowa. In mutanen nan suka samu na gaskiya a hannunka, ko ba su sake ce mini Malama ba, zan iya haɗa ido da su a kasuwa.

Yayarka,
Gaik Suan

Sandakan, 30 ga Yuni, 1996

Yaya,

Ina gaishe ki, Lay Kim ma tana gaishe ki. Lafiyarmu lau. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, uku suna cikin kwandon shara, kuma Lay Kim ta ce in na yaga wannan ita za ta rubuta miki da kanta.

Kada ki ba ni haƙuri. Ba tare ki na yi ba, kaina na tare.

Kin tambaya tun yaushe. Tun rasuwar Mama, shekara goma sha ɗaya ke nan. Safiya ta uku bayan an kai ta, kin ce za ki fita shan iska, na biyo ki ba ki sani ba. Na laɓe bayan wata bishiya na ga kin shige gaba, mutane wajen ashirin a bayanki. Kina buɗewa da dama na gane. Na ce bari in bari ki gama in ja ki gefe in gaya miki. Sai na tuna in na faɗa za ki ce in nuna miki daidai. Na zagaya bayan rumfar mai sayar da kofi don in gwada tukuna. Na kai na goma sha bakwai, na tsaya da hannu a sama kamar mai tare tasi, ban san abin da ke biye ba. Na koma gida na riga ki, da kika dawo kika same ni ina karanta jarida.

Rabona da motsin nan tun shekarar da na sauka nan Sabah. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce ban taɓa son sa ba. Sandar da kika ƙirƙira wa kanki, ni na sha ta gaske, har yau in na ga mutum ya tsaya a tsayuwar nan ƙaurina yakan yi tsami. Na miƙa shayin ne don ba a tambaye ni ko ina so ba. Jar takardar tana cikin gwangwanin biskit tare da takardun tsohuwar motata.

Da kika rubuto a Maris, na san in na zo ɗayan biyu ne. Ko Baffa Huat ya ce magaji ya fito ya buɗe mana, ko ya ga naki ya ce Leong ya gyara. Ko ta ina asirina zai tonu. Layi ɗaya ya isa in cece ki, in ce Yaya a juye kike yi. Na kasa rubuta shi, don layi na biyu shi ne ni kuma na manta. Na bar ki kika shiga gaban mutane don kada a ce ɗan Ooi ya zubar da gadon gidansu. Da kika zage ni a Afrilu har sanyi na ji, don laifin da kika ɗora mini ya fi nawa na gaskiya kyan gani.

Da takardarki ta zo na fita bayan gida na sake gwadawa. Lay Kim ta leƙo ta taga ta ce sauro nake kora ne? Tara na kawo, su ma ban tabbata da biyu ba.

Ba ni da abin da zan gyara muku, Yaya. Abin da Baba ya ba ni na zubar. Abin da ya hana ki shi kaɗai ya rage, ko a juye ne. In kina so zan aiko miki da jar takardar ki sa sunanki, ke ta dace da ita. In kuma ba ki sake rubuto mini ba, ba zan ce kin yi laifi ba.

Ƙanenki,
Teik Leong

Taiping, 18 ga Agusta, 1996

Leong,

Ina fata kuna lafiya, ka gaida Lay Kim, ka ce mata na gode da ta tsare kwandon shara. Gwiwa ta yi sauƙi kwana biyu.

Mako bakwai na yi ban amsa ba, da gangan, don in na amsa a makon farko takardar ba za ta karantu a gaban yara ba. Shekara goma sha ɗaya, Leong. A lokacin Baffa Huat yana da ƙarfinsa, Penang kuma ba nisa, mutanena gwiwoyinsu suna iya sabon koyo. Kana zaune kana karanta jarida na kawo maka kofi. Ban yafe ba tukuna, ba kuma zan ce na yafe don takarda ta yi daɗin rufewa ba. Sai dai duk sanda na ɗauko fushin nakan tuna ni ma shekara ashirin da biyu na yi ina rufe bakina a kan nawa, sai ya rage zafi.

Kada ka aiko takardar. Sunana ba ya ciki, ba kuma ni zan sa shi da hannuna ba. Ƙaryar da na yi ta isa.

Mako uku na yi a gida. Ran nan da hantsi sai ga Letchumi tana dukan ƙofa da lema.

“Malama, mutuwa kika yi ba a gaya mana ba?”

Na ce mata ni ba malamar kowa ba ce.

“To ko wace ce ke, sa takalmi. Kullum muna zuwa, muna kaiwa na sittin da ɗaya mu tsaya, Chuah ya ce a juya, ni in ce a tsuguna. Jiya saura kaɗan in kwaɗa masa lemar nan.”

Washegari na je, kaina a ƙasa. Mutum shida na samu. Na ce musu tunda mun san a juye ne, mu gwada mayar da shi daidai, duk inda muke dama mu yi hagu. Kwana huɗu muka yi muna wannan wahala. Ni kaina sai in tsaya ina tunani kamar sabuwar zuwa, su kuma suna karo da juna. A rana ta huɗu Chuah ya harɗe ya zauna daɓas a kan ciyawa. Yana zaune a wurin ya ce, “Malama, shekarata saba'in da takwas. Jirin da ya bar ni bai tambayi dama ko hagu ba. Ki bar mu mu ƙarasa a baibai ɗinmu.” Muka koma yadda muka saba.

Poh Choo ba ta dawo ba, wasu bakwai ma haka. Ta koma wurin masu kaset, tana layin baya tana koyo daga farko. Na rubuta mata sau biyu, ba amsa. Kowace safiya takan wuce ta gabanmu da jakarta, ta ɗan rusuna kamar yadda ake gaida wanda ba a sani ba sosai. Wannan rusunawar ita ce abin da ya fi ci mini rai, na kuma san ni na saya.

Makon jiya wata mata ta tsaya tana kallonmu, ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce ba kowa, a madubi na sata, kuma a juye yake, in tana son na daidai ga su can ƙetaren tafki. Ta ce can akwai rana, nan akwai inuwa, ta ajiye jakarta ta shiga layi.

Ga abin da nake so da kai. In an gama lodin katakon naka, ka zo. Ba gyara za ka yi ba, ba kuma gaba za ka shiga ba. Za ka tsaya a gaban mutanen nan ka gaya musu da bakinka kai ne ɗan da aka ba, da abin da ka yi da shi, da abin da ka gani daga bayan bishiya. Ni na sha tawa kunyar a fili, kai ma ka zo ka sha taka. In ka gama, ka koma layin baya kusa da Letchumi, za ta dame ka da surutu, ka daure.

Yau da safe ɗalibai bakwai na ƙirga a bayana. In ka zo, takwas ke nan.

Yayarka,
Gaik Suan